Miyar Garin Wani

Shin daidai ne mutum ya kushe abincin da ba a dafa shi yadda ya saba ba? Tambayar kamar ƙarama ce, amma kuwa a cikinta ake gane mai adalci da mai son kai. Bari mu ɗauko misali daga Amurka.

A can suna da wata miya ta nama da barkono, ana ce da ita chili. Mutanen jihar Teksas suna ji da ita ƙwarai, har a 1977 majalisarsu ta mai da ita abincin jihar. Tasu mai kauri ce, naman sa da jan barkono, masu tsananin riƙon al'ada kuwa ko wake ba su yarda a sa ba.

To, a birnin Sinsinati na jihar Ohayo akwai wata iri dabam. A 1922 waɗansu 'yan'uwa biyu baƙi daga Makidoniya, Tom da John Kiradjieff, suka buɗe ɗan gidan abinci mai suna Empress. Suka dafa niƙaƙƙen nama da kayan ƙanshi irin na ƙasarsu, kamar kirfa da kanumfari, miyar ta fito tsararo, suka zuba ta bisa taliya. Yau ana barbaɗa mata cuku, wanda ya so a ƙara masa albasa ko wake. A 1949 wani Bagirke, Nicholas Lambrinides, ya buɗe Skyline, sana'ar ta ƙara bunƙasa.

Sau da yawa baƙon da ya saba da ta Teksas, in ya shiga gidan abinci a Sinsinati aka ajiye masa kwano, tun bai kai loma baki ba sai ya ce wannan ba chili ba ce. Ina laifin maganarsa? Laifinta shi ne ya yanke hukunci bai saurari shaida ba. Ya auna miyar mutane da mudun gidansu, alhali kuwa ba a dafa ta don ta yi kama da tasu ba.

Wani zai ce, ashe tilas ne in so abin da bai yi mini daɗi ba? A'a. Harshenka naka ne, kuma abin da addini ya hana, wannan magana ce dabam. In ka ɗanɗana ka ce, "Ban saba da ita ba," ka faɗi gaskiya. In ka ce, "Ba su iya girki ba," ka yi zalunci, domin ka zagi gumin mai dafawa da dubban mutanen da suka tashi da ita. Raina abinci kuwa shi ne ƙofar raina masu cinsa.

Mu tuna barkonon nan da muke daka yaji da shi, shi ma baƙo ne. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492 ya bazu a duniya, haka masara da rogo da gyaɗa. Da kakanninmu sun ƙi ɗanɗana baƙon abu, ina za mu sami ƙuliƙuli?

Saboda haka, jama'a, in an ajiye muku kwanon garin wani, ku sa hannu tukuna, sa'an nan ku yi magana. Gani ya kori ji.