Maza Tara Suna Tsaye, Aka Ce Yaro Ya Ɗauki Kububuwa

Da kakar da ta wuce, bayan sallar la'asar, wata mata a Sakajiki ta je jawo kara daga tarin karan dawa da aka jingine da rumbu a bayan gida. Sai ta ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Ta kurma ihu. Kafin a ce kwabo maza sun cika wurin, wannan da sanda, wancan da fartanya, yara sun ɗare katanga. Macijin bai wuce kamu ɗaya ba, launinsa na ƙasa, da fararen ɗige-ɗige a jiki, ya naɗe yana goga jikinsa da jikinsa. Gardama ta kaure. Wani ya ce kububuwa ce, wani ya ce ai jariri ne, dafinsa bai nuna ba. Aka rufe shi da duka har ya daina motsi. Sai wani dattijo ya dubi wani yaro ɗan shekara 12, ya ce: "Kai, ɗauke shi ka yas a juji." Yaron ya ce: "To, Kawu." Ya kai hannu. Macijin da aka ce ya mutu ya juyo ya sare shi a ɗan yatsa.

Mai wannan rubutu ya iso wurin daidai lokacin da yaron ke yarfe hannu yana kiran Innarsa, kuma ya ƙirga mutanen da ke tsaye. Maza tara ne, masu gemu, kowanne da sanda ko fartanya da zai iya ɗaga gawar da ita. Maza tara, aka ce yaro ya ɗauka da hannu. Har yau abin ya ƙi barin ransa.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Aka ɗaure hannun tamau da robar keke, aka tsaga wurin da reza, aka manna baƙin dutse, aka jiƙa sassaƙe aka ɗura masa. Washegari yaron yana zaune yana magana, aka ce an ci nasara. A dare na biyu dasashinsa ya fara zubar da jini, tsagar rezar ma ta ƙi tsayawa. Wa zai hau hanya da tsakar dare a wannan yanki, inda 'yan bindiga suka hana mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sakat? Sai da gari ya waye aka kai shi asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yatsan ya ruɓe an yanke, mahaifinsa kuma ya sayar da raguna biyu.

Ba banza ake kiran kububuwa gobe-da-nisa ba. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma aikinsa a ɓoye yake yi, mutum yana yawo yana cin tuwo alhali jini na tsiyaya a cikinsa. A asibiti akan ɗebi jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga. Wannan ƙaramar halitta ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin Najeriya. Ɗanta kuwa da dafinsa yake fitowa daga ƙwai. Mutumin da ya ce dafin bai nuna ba, a wace makaranta ya karanta haka? Ya faɗi abin da bai sani ba cikin taro, aka gaskata shi don yana da furfura, yaro ya biya da yatsansa.

Jama'a suna taƙama da sanin maciji, alhali kaɗan ne suka san shi. Gamsheƙa baƙa ce doguwa, tana fasa kai, tana feshin dafi a ido daga nisan taku biyu ko uku, tana shiga akurki neman ƙwai da 'yan tsaki, tana kuma saran mutum yana barci a tabarma. Kasa gajeriya ce mai kauri da faffaɗan kai, ba ta gudu, kwanciya take a hanya har a taka ta. Waɗannan da kububuwa su ne manyan masu ɓarna. Amma akwai da yawa da ba su da dafin da zai cuci mutum. Akwai wani mai launin ƙasa, mai santsi da sheƙi, da ke zama kusa da gidaje yana haɗiye ɓeraye. Mesa ma, duk girmanta, ba ta da dafi. Sai dai ido yana yaudara. Akwai maciji mai haɗiyar ƙwai wanda ko haƙoran kirki ba shi da su, amma zanensa irin na kububuwa ne, har gogar jikin nan yana kwaikwaya. Akwai kuma wani ɗan baƙi siriri mai shiga rami, wanda gani ɗaya za a raina shi, amma ko an riƙe shi ta wuya yana iya soka haƙori ta gefen baki. In masana da suka ƙare rayuwarsu a kan macizai suna ɗaukarsu da ƙarfe mai tsawo, ina dalilin tura yaro da hannu?

Girman kai ne, ba wani abu ba. Da zarar an ce ga igiyar ƙasa, kowane namiji sai ya ga kansa Bayajidda a bakin rijiyar Kusugu ta Daura, yana so a ce shi ya kashe. Macijin da ya kama hanyar daji zai tsere, sai an bi shi, an tare shi, an tono shi daga rami, har sai ya juyo ya kare kansa. In an gama bugun, jarumtar ta ƙare, sai a bar wa yaro aikin ƙazanta. Hausawa da kansu suna maganar wanda ya kashe maciji bai sare kansa ba, amma ko saren ma bai isa ba, domin guntulallen kai yana iya sara bayan an raba shi da jiki. Maza tara, babu ɗaya da ya tuna. Maza tara, babu ɗaya da ya ce: "Ɗana, ja da baya."

Sannan wa ya gayyato macijin? Ba gaisuwa ya zo yi ba, abinci ya biyo. A leƙa bayan gidajen Sakajiki a gani: kara jingine da bango, tarin itace, fasassun tukwane, ciyawa har gwiwa, hatsi a zube a gindin rumbu. Ɓera ya samu gida, maciji ya biyo ɓera. Ɓeran nan kuwa ba hatsi kaɗai yake ci ba. Wani irinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Magidanci ya tara ƙazanta shekara guda, ya kashe duk macijin da ke rage masa ɓeraye, mai dafi da marar dafi, sannan ya zauna yana kukan ɓarnar rumbu. Matarsa tana sa hannu a tarin kara da magariba ba fitila, 'ya'yansa suna zagayawa bayan gida ba takalmi. Wannan sakaci ne, kuma Allah zai tambayi kowane mai gida game da kiwon da aka ba shi.

Addini bai bar mutane cikin duhu ba a nan. An yi izinin kashe maciji mai cutarwa, har ga wanda yake cikin salla. Amma a Sahihu Muslim akwai labarin saurayin nan sabon ango, a lokacin yaƙin Handaƙ, wanda ya koma gida ya tarar da maciji a shimfiɗarsa, ya soke shi da mashi, shi da macijin duka suka mutu, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa yi wa macizan gida gargaɗi kafin a kashe. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Kaura har Sakkwato, ta kawo wannan hukunci game da Madina, ta kuma nuna yin hakan a wani gari abu ne mai kyau. Ko ba komai, akwai darasin natsuwa a ciki. Ina natsuwa a taron da ke ihu? Ina tsoron Allah ga masu zuba wa maciji fetur su cinna wuta yana da rai, bayan an hana azabtarwa da wuta? Don Allah, jama'a, a ji tsoron Allah. Malamai su faɗi wannan a kan mumbari kamar yadda suke faɗar sauran.

Kuma a san cewa maganin yana da nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe tsakanin mutum 81,000 da 138,000 a duniya kowace shekara, ta saka shi cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Asibitin da ya shahara da jinyar saran maciji yana Kaltungo a jihar Gombe, tafiyar yini cur daga Zamfara. Allurar kashe dafi ta EchiTAb, wadda aka haɗa domin macizan Najeriya, daga Birtaniya da Kosta Rika ake kawo ta, tana da tsada, tana kuma yankewa. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna nuna cewa manomi da makiyayi da yaro ne abin ya fi ci. Mutumin da ke zaune inda hanya ba ta biyuwa da dare, allura kuma ba ta kusa, shi ne ya fi kowa buƙatar kiyayewa, amma shi ne ke wasa da kububuwa kamar tsumma.

Abin yi kaɗan ne. A janye yara, a tsaya nesa. Wanda ya kama hanyar daji a bar shi ya tafi, mai dafin da ya shiga ɗaki babba ya kashe shi da doguwar sanda, ya ɗauke da shebur ya binne. In an yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti tun da rana, in feshi ne a wanke ido da ruwa mai yawa.

Yaron ya koma makarantar allo. Da yatsu huɗu yake riƙe alƙalami yanzu, kuma in ya haɗu da dattijon nan a hanya yakan durƙusa ya ce: "Ina wuni, Kawu." Mai wannan rubutu ya bi ta bayan gidan a makon jiya. Tarin karan yana nan jingine da rumbu, an ma ƙara masa sabo.