Hayaniyar Birni da Haƙƙin Maƙwabci

Duk wanda ya zauna a Kano ya san abin da kunne ke sha: ga injin niƙa, ga janareto, ga Keke Napep, ga lasifikar mai tallar magani. Idan waɗannan suka taru a kan mutum guda, wa za a kama da laifi?

Masana na auna ƙara da desibel, amma ɓacin rai bai cika bin ma'auni ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai kada ƙarar motoci ta wuce desibel 53, ta jiragen sama kuwa 45, domin jirgi ya fi damun mutane ko da ƙarfin ƙarar ɗaya ne. Lissafin ma ba irin na kasuwa ba ne: janareto biyu, kowane mai desibel 70, idan aka kunna su tare 73 suke bayarwa, ba 140 ba.

A nan hatsarin yake. Kowannenmu na iya cewa abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba. Amma ɗalibi mai bitar jarrabawa da majiyyacin da ya kasa runtsawa ba kashi-kashi ƙarar ke zo musu ba, a dunƙule take zuwa. Da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka laifin namu ne duka. Kafin mu ja igiyar janareto da tsakar dare, mu tuna da wanda ke bayan katanga. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga gaisuwa da kai kwanon abinci ba. Har da barcinsa.