Gudummawa Ga Waɗanda Ba Mu Taɓa Gani Ba

A karanta Ayyukan Manzanni 11:27-30, da 2 Korintiyawa sura 8.

Duk sa'ad da labari ya zo cewa ruwa ya ci wata ƙasa, ko yunwa ta faɗa mata, sai gardama ta tashi cikin ekklesiya. Wani ya ce a tara baiko a aika. Wani kuwa ya ce, "Namu na gida sun ƙoshi ne? Ga gwauraye, ga marayu, ga rufin majami'a yana yoyo." Kada mu yi saurin tsauta wa mai maganan nan ta biyu. Yana da gaskiyarsa, gama Bulus da kansa ya gargaɗi Timoti a kan mutumin da ya ƙi kula da iyalinsa. Wanda ya bar 'ya'yansa da yunwa domin a yabe shi a wata ƙasa, suna yake nema.

Amma mu duba masu bi na Antakiya. Annabi Agabus ya faɗa musu babbar yunwa tana zuwa ga duniya duka, ta kuwa auku a zamanin sarki Kalaudiyas. Ku lura, su ma cikin duniyan nan suke, yunwar ba za ta tsallake ƙofarsu ba. Duk da haka kowa ya fitar gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya, tafiyar wajen mil 300. Da yawa cikinsu Al'ummai ne, ba dangin iya ba na baba tsakaninsu da waɗanda za su ci abincin.

Mu da ke zaune daga Maikujera da Rabah zuwa Wurno da Goronyo, mun san abin nan ta ɗaya gefen, gama an taɓa ba mu. A watan Satumba na 1910 babu wanda ya yi mafarkin madatsa a Gulbin Rima. A watan Satumba na 2010 kuwa, shekara ɗari bayan haka, ruwan sama ya yi yawa har aka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo. Ruwa ya shafe garuruwan bakin fadama, ya ci shinkafa da gero ana dab da girbi, ya rushe rumbuna, har ya yanke hanyar da ta haɗa Sakkwato da jami'a. Cikin waɗanda suka kawo ɗauki akwai likitocin ƙungiyar MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971. Kuɗin maganin da suka raba, yawancinsa daga aljihun talakawan wasu ƙasashe ya fito, mutanen da ba su iya faɗin sunan Goronyo daidai ba. Ba su tambayi ko wane ne Musulmi, ko wane ne Kirista ba. In da sun ce namu na gida tukuna, da ƙaƙa?

Wace ce ma ƙasar waje? Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Nijar, ya komo ya zuba cikin Rima. Ruwan da ya ci gonar Bamaraɗe shi ne ke gangarowa wajenmu. A 2004 fara da ƙarancin ruwa suka lalatar da amfani a Nijar, a 2005 yara suka yi ta mutuwa a ƙasar Maraɗi da Tawa da Damagaram. Abin baƙin ciki, akwai hatsi a kasuwa a shekaran nan, kuɗin saye ne babu, gama farashi ya fi ƙarfin talaka. A 2024 kuma ruwa ya yi musu ɓarna ƙwarai, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, a watan da madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba lokacin tambayar takardar iyaka ba ne.

To, ƙaƙa za mu bayar? A nan ne da yawa masu kyakkyawar zuciya ke tuntuɓe.

Shekarar 2005 ta koya mana cewa sau da yawa kuɗi ya fi kaya amfani. Tsofaffin riguna da buhunan hatsi suna bukatar mota, da kuɗin mota, da jira a Illela kafin a ƙetare zuwa Ƙonni. Mun kuwa ga yadda aka rufe iyakan nan a 2023, ba a buɗe ta ba sai 2024. Kuɗi yakan isa da sauri, a sayi gero a kasuwa mafi kusa, mai rabo kuma ya san ko abinci ake bukata, ko magani, ko iri.

Sai dai kuɗi yana da santsi. Ku ga hankalin Bulus. Da ya tara gudummawar Makidoniya da Akaya, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, shi da yake manzo. Ya aiki Titus da 'yan'uwa biyu, ɗayansu ekklesiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada kowa ya sami abin zargi. Idan manzo ya nemi shaidu, wane ne mu? A ƙidaya baikon gaban mutum biyu ko uku, a rubuta, a karanta lissafin ran Lahadi, a kuma karanta amsar da ta dawo. Dattijon da ya ji haushi don an tambaye shi lissafi, a yi masa addu'a, amma kada a ba shi jakar.

Kada kuma mu tura kuɗi ga lambar da ta shigo wayarmu da hoton yaro mai kuka. Akwai masu cin abinci da hawayen wasu. Muna da hanyoyin da muka sani: ekklesiyoyin EERN na Nijar, waɗanda suka fito daga aikin SIM kamar yadda ECWA ta fito, da asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Mai hidimarmu ya rubuta musu ya tambayi abin da ake bukata tun ba a tara ba. A kuma gaya musu sarai, rabon na kowa ne, ba na masu bi kaɗai ba.

Saura maganar lokaci. Mukan bayar ran da rediyo ke ta faɗin labari, bayan mako biyu mu manta. Alhali manomin da ruwa ya ci gonarsa a Satumba, wahalarsa mai tsanani tana gaba, sa'ad da damina ta kama, rumbu wayam, ba iri. Bulus ya umurci Korintiyawa su riƙa ajiye wani abu kowace ranar fari ta mako, don kada a yi ta fafutukar tarawa ran da ya iso. Mu manoma muna iya yin haka da kaka, lokacin da hatsi ke araha: mai dami ɗari ya ware nasa, mai dami goma ya ware nasa, gwauruwa ta kawo mudunta, a zuba a rumbu guda na ekklesiya. A sa mabuɗi biyu, ɗaya wurin dattijo, ɗaya wurin shugabar zumuntar mata.