Hukuncin Taki a Wajen Malamai da Manoma

Idan rani ya yi nisa, kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas, wanda ya bi hanyar Ƙaraye zuwa Rogo zai ga gonaki cike da tsibi-tsibin taki, baƙi-baƙi a jere, waɗanda jakuna da amalanken shanu suka kwaso daga turke da juji. Manomi ya san dalilinsa, domin ƙasar da aka shekara ana cirar dawa da masara a cikinta ba a mayar mata da kome ba, sai ta gaji, wuta-wuta ta mamaye ta. Amma ɗalibin da ya karanta babin tsarki yakan tsaya ya yi tambaya, tambayarsa kuwa ba ta wasa ba ce: ta yaya abin da ake kaffa-kaffa da shi kada ya taɓa rigar salla zai zama asalin tuwon da ake ci da bisimilla?

Malaman mazhabar Malikiyya ba su ƙyale wannan mas'ala ba. Sun tafi a kan cewa kashin dabbar da aka halatta cin namanta, kamar saniya da akuya da tunkiya, mai tsarki ne, muddin ba najasa take ci ba. Na jaki da doki kuwa, a mashahurin zance, najasa ne, ko da yake jakin nan shi ne ke ɗaukar mangala zuwa gona. Shehu Halilu, a cikin littafinsa Muhtasar, ya lissafa shukar da ta tsiro da najasa cikin abubuwa masu tsarki, amma da ya zo babin ciniki sai ya hana sayar da takin da yake najasa. Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik, ya sassauta, Ibnu Asim na Andalus kuma ya ambaci wannan rangwame a littafinsa Tuhufa saboda larura. Abin da nake so a lura da shi shi ne, duk saɓaninsu a kan kuɗin taki yake; game da hatsin da ya fito daga gare shi, zancensu ɗaya ne, halal ne.

Hikimar wannan tana bayyana ga wanda ya taɓa tona ramin taki da hannunsa. Ana shimfiɗa kara da busasshen ganye, a zuba kashin awaki, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a rufe. Bayan 'yan kwanaki, in ka cusa sanda ka zaro, za ka ji ta da zafi, alamar cewa halittun da ido ba ya gani sun kama aikin da Ubangiji ya ɗora musu. Zafin nan yana kashe yawancin irin ciyawa. In an riƙa juyawa, bayan wata biyu ko uku wari ya tafi, kama ta sauya, sai ka damƙo baƙar ƙasa mai sanyi wadda ke marmashewa a tafin hannu, ba ka iya nuna inda kashi yake ko inda ganye yake. Malamai suna kiran irin wannan juyi istihala, wato zatin abu ya rikiɗe ya zama wani, kamar yadda giya in ta koma khalli, wato ruwan tsami, ta tsarkaka. Hukunci yana bin sifar da abu yake a kanta yanzu. Saboda haka raina mai kwasar juji, ko ƙyamar gaisawa da shi, ba shi da madogara a shari'a, girman kai ne kawai aka lulluɓe da rigar tsantseni.

Ba na ƙin takin zamani. Masu noman rani a gefen madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, sun san saurinsa. Sai dai yana ciyar da shuka ne na shekara guda, ba ya koya wa ƙasa riƙe ruwa, kuma tsadarsa ta gagari talakawa da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne leda. Jujin da iyayenmu suke kwasa toka ne da shara da kashin dabbobi, duka masu ruɓewa. Na yau kuwa cike yake da baƙar leda da robar ruwa da fasassun kwalabe. A ma'aunin babin tsarki leda ba najasa ba ce, mutum yana iya salla da ita a aljihu. Amma ita ce ƙasa ba ta iya ci: tana naɗe garma, tana tare saiwa, akuya ta haɗiye ta ta rame har ta mutu, gilashi kuma ya yanke ƙafar mai noma. Ga abu mai najasa yana raya gona, ga mai tsarki yana kashe ta, wannan kuwa ya nuna cewa babin tsarki shi kaɗai bai isa ya yi wa gona hukunci ba, sai an haɗa da ƙa'idar hana cuta da cutarwa, da amanar ƙasar da magada za su karɓa. Da limaman Ƙaraye da Rogo za su ɗauki wannan a huɗubar Juma'a kafin damina, su shaida wa magidanta cewa ware leda daga shara tun a tsakar gida hakkin maƙwabci ne, ina zaton dagatai da masu unguwanni ba za su sha wahalar tabbatar da shi ba.