Halalin Da Ya Koma Bashi



Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu a wannan mako a kan wata tambaya ce da iyaye suka yawaita yi mana, tun daga nan Tamawa har Kurfi da Dutsin-Ma, watau hukuncin kallon zane mai motsi irin na ƙasar Japan, wanda mu ke kira katun, samari kuwa su ke ce da shi anime. Iyaye sun ce abin ya shigo musu gida ba sallama. Yaro ya kai wayarsa wurin masu tura fim, a zuba masa kashi ashirin ko talatin, ya kwana a kansu, gari na wayewa ya tarad da abokansa a teburin mai shayi ko a shagon mai cajin waya, a buɗe hira: wane ya yi daidai, wane ya ci amana, me zai faru a kashi na gaba. Iyayen suna so a faɗa musu kalma ɗaya, halal ko haram, su huta. To, kalma ɗaya ba ta isa, domin ana tambaya a kan zanen, ana tambaya a kan labarin, amma ba a cika tambaya a kan bin labarin mako-mako ba yankewa ba, alhali kuwa nan ne gizo ke saƙar.

Maganar zanen gajeruwa ce. Malamai sun yi saɓani tun da can a kan surar abu mai rai. A mazhabarmu ta Imamu Malik, abin da aka haramta shi ne sura mai jiki, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, kamar gunki. Wadda aka zana a takarda ko a bango kuwa iyakarta karhanci. Waɗansu manyan malamai, irin su Imamu Nawawi, sun tsananta, sun haɗa duka sun hana. Wanda ya bi tsanani don tsantseni ya kyauta wa kansa, amma ba shi da ikon fasiƙantar da maƙwabcinsa a kan mas'alar da magabata ba su haɗu a kanta ba.

Labarin fa? Masu hani sukan kafa hujja da aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Waɗansu masu tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, wani Baƙuraishe wanda ya koyo labarun sarakunan Farisa, na su Rustum da Isfandiyar. Idan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi daga majalisa, sai Nadru ya zauna a gurbinsa ya shiga kwararo wa mutane labarun nan, yana da'awar cewa nasa zancen ya fi daɗi. A lura da kyau. Laifin Nadru yana cikin nufinsa da kuma gurbin da ya zauna: ya ɗauki labari ya kafa shi kishiyar Alƙur'ani. Domin kuwa Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Nana A'isha ta taɓa ba Annabi dogon labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna kowace ta siffanta mijinta, ya saurare ta har ƙarshe, sa'an nan ya faɗi albarkacin bakinsa, ya kwatanta kansa gare ta da mijin Ummu Zar'in, wanda ya fi sauran kirki. Ashe ke nan sauraron labari da tattauna shi abu ne da ya auku a gida mafi tsarki. Ko ƙagaggen labari ma, ai Muƙamatul Hariri da a ke karantawa a zaurukanmu guda 50 ne, kuma Abu Zaidi, gwarzon cikinsu, ƙago shi aka yi. Ba mu ji malamin da ya kori almajiri don ya karanta su ba.

Ni da ke koyar da Larabci tilas in faɗi gaskiya guda a nan, ko da ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. Larabawa sun daɗe suna juya katun ɗin Japan zuwa ingantaccen Larabci irin na littafi, tun daga Grendizer zuwa Kyaftin Majid, labarin yaro ɗan ƙwallo, har aka buɗe Spacetoon a shekarar 2000. Ɗalibin da ke sauraron irin waɗannan, kunnensa yakan saba da i'irabi tun kafin ya san sunansa. A 2021 wani kamfanin Saudiyya mai suna Manga Productions ya haɗa hannu da Toei na Japan suka yi fim a kan rundunar Abraha da ta nufo Makka da giwaye. Amma a ƙasar nan ce dai, a 2001, malaman fatawa suka hana wasan Pokemon, ɗaya daga hujjojinsu kuwa shi ne caca. Watau kowane abu da abin da ya ƙunsa a ke auna shi. Lalle a cikin waɗannan labaru akwai masu koya haƙuri da riƙon amana da jure wahala, akwai kuma masu tsiraici, da masu cike da alloli barkatai da tsafi, domin mutanen da suka yi su ba Musulmi ba ne, daga al'adun Shinto da Buda su ke ɗebowa. Abin da ya ƙunshi alfasha haram ne kallonsa, zane ne ko hoton mutum. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Yanzu mu ƙaddara an tace, an sami labari mai tsabta. Saura bin sa.

Kowane mai ba da labari ya san cewa labari igiya ce. A cikin Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta aka buga littafi na farko a 1937, kowane dare Musa ɗan Sarki yakan yi ɗamara zai fita ya bi rundunar yaƙi, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye, a waje kuwa makircin Waziri na jiransa. Labari ne ya tsirar da shi. Ba kuwa zan yi musun cewa yau ma akwai irin wannan ba. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, uban da ya leƙa ɗaki da dare ya ga ɗansa kwance da waya a hannu, ba ya bakin hanya, ba ya cikin masu shaye-shaye, yana da dalilin yin hamdala. Sai dai akun can yana da ubangida wanda ya ke yi wa hidima, alherin yaron ya ke nema, kuma ran da Sarki ya komo aikin tsaro ya ƙare. Akun yau fa, wa ya ke yi wa aiki, yaushe kuma zai saki yaron?

Ga yadda sana'ar ta ke. Tun 1963, sa'ad da Osamu Tezuka ya fito da Astro Boy a telebijin na Japan, aka kafa al'adar kashi ɗaya na wajen rabin awa kowane mako. Shekara kuma an raba ta zango huɗu, Janairu da Afirilu da Yuli da Oktoba, kowane zango sababbin labaru gommai ke fitowa, akasarinsu kashi 12 ko 13, kowane kashi kuwa a kan yanke shi daidai inda zuciya ta rataya, domin abincin masu yin sa yana ga komowar mai kallo. Ban da dogayen: Naruto da ci gabansa kashi 720 ne, daga 2002 zuwa 2017. One Piece ya soma a 1999, ya cika kashi 1,000 a watan Nuwamba na 2021. A lissafa minti 24 sau 1,000, awa 400 ke nan: kwana 50 na aikin awa takwas-takwas a gona, ko kuwa darasin awa ɗaya kullum har shekara guda da kwana 35. Wannan fa labari ɗaya tak. Saboda haka saurayin da ya ce yana so ya kamo abokansa, kada a bar shi a baya, yana bin abin da aka gina shi don kada a kamo shi ne. Waɗanda suka kalli Voltron a NTA cikin shekarun 1980 ba su san wannan wahala ba: lokacinsa ya yi a kalla, ya wuce ya wuce. Kakanninmu kuwa sun fi kowa hikima, da suka hana tatsuniya da rana, suka kuma sa mata kalmar rufewa, da an ce ƙurunƙus kowa ya nemi makwanci.

Imamu Shaɗibi, Bamaliken Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya yi wani bayani a cikin Muwafaƙat wanda ya dace da wannan wuri kamar don shi aka yi. Ya nuna cewa abu yana iya zama halal idan an dube shi sau ɗaya, amma hukuncinsa ya sake idan an dube shi a dunƙule. Ya ba da misali da shaƙatawa a lambu, da sauraron kukan tsuntsaye, da wasa da tattabaru: a yi yau a bari gobe ba kome, amma a mai da shi aikin kullum ya zama abin ƙi. To, mai tambayar hukuncin kashi ɗaya za a ce masa halal, kuma an faɗa masa gaskiya. Amma ba kashi ɗaya ya ke kallo ba.

Akwai ma abin da ya fi yawan awoyin damuna. Halal a shari'a shi ne abin da yin sa da barin sa daidai su ke, ba lada ba zunubi. Alamar wajibi kuwa ita ce idan ya kuɓuce maka ka ji nauyi, ka tashi ka rama. Ku saurari samarin nan da kyau, za ku ji da harshen wajibi su ke magana. Wannan ya ce kashi shida ya wuce shi, sai ya rama su daren Jumma'a. Wancan ya ƙaurace wa majalisa kwana biyu, don kada a fasa masa ƙwan labari, ko don kunyar a tambaye shi ya ce bai gani ba. Wani kuɗin da aka ba shi na littafi ya kai wa mai turi ko ya sayi data. Ba wanda ya ɗora musu wannan farilla, su suka ɗora wa juna. Sai ka sami yaro da ramuwar azumin bara a wuyansa ba ta hana shi barci ba, amma ramuwar katun ta hana shi. Ya raba dare yana biyan bashin da ba mai bin sa, Asuba ta zo ta same shi kamar gawa. Ba banza ba Abu Barzata ya ruwaito cewa Annabi ya kasance yana ƙin hira bayan Isha'i, malamai kuma suka ce babban dalilin shi ne tsoron abin da za ta jawo wa sallar Asuba. A daidai wannan gaɓa ce labari mai tsabta ya ke zama a gurbin da Nadru ya zauna, ko da yaron bai nufi haka ba.

Kada manya su yi saurin gyaɗa kai. Uwar da ke faɗa a kan katun, ita ce ba ta yarda Daɗin Kowa ko Labarina su wuce ta. Uban kuma ya san jadawalin ƙwallon Ingila fiye da yadda ya san ranar da ɗansa ya je Islamiyya rabonsa. Ciwo ɗaya ne, tufafi ne suka bambanta, yara kuwa suna gani. Kowa yana iya gwada kansa da abu mai sauƙi: ya bar kashin wannan mako ya wuce da gangan, kada ya rama, ya je majalisa ya ce bai gani ba. In zuciyarsa ta zauna lafiya, abin yana nan a halalinsa. In kuwa ya kasa, to ya san sunan abin da ke wuyansa.

Game da hirar da su ke yi, ra'ayina ya saɓa wa na iyaye da yawa, waɗanda ita suka fi tsana. Ni a ganina ita ce mafi amfanin abin duka. Yaran da ke gardama a kan ko ya halatta gwarzo ya ɗauki fansa a kan wanda ya kashe danginsa, ko aboki ya tona asirin abokinsa don ya cece shi, ai mas'alolin halaye su ke tattaunawa, irin waɗanda mu ke fama a aji mu sa su buɗe baki a kansu su ƙi. Abin da majalisar ta rasa shi ne babba mai ma'auni. Uban da ya fasa waya ya rufe wa kansa wannan taga, yaron kuma zai kalla a wayar abokinsa. Wanda ya zauna ya ce, "Ba ni labarin, me yaron nan ya yi, kai kana ganin ya kyauta?" zai ji abin da ke shiga kan ɗansa, zai gane labarin da ya kamata a hana tun da wuri, zai kuma sami bakin yanka masa lokaci: kashi kaza a mako, bayan karatu, kuma waya ta kwana a ɗakin uba. Su kuma samarin, haƙƙin da ke kansu ga junansu shi ne kada su mai da wanda bai gani ba abin dariya, domin sau da yawa ba shi da kuɗin turi ne, ko kuwa yana gona sa'ad da su ke kallo.

Allah ne Mafi sani.