Mai Araha Ko Mai Tsada: Wanne Ya Dace Da Mai Bi?

Gabatarwa

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da na kawo wa iyalan masu bi a wannan fitowa ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, wato 'yar tocilar nan da ake ratayawa a zoben makullai. Amma ita ce ta tilasta mini in yi wa kaina tambayar da na daɗe ina kauce mata: idan aka ajiye wa mai bi kaya iri biyu, ɗaya mai araha, ɗaya mai tsada, wanne ya kamata ya ɗauka? Ko kuwa Allah ba ruwansa da irin wannan ciniki?

Abin da ya faru da ni

Ana sauran mako guda Kirsimeti, na shiga kasuwar Sabon Tasha domin in haɗa tsaraba kafin mu kama hanyar Kachia zuwa ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kagoro. Na tsaya a teburin wani saurayi mai sayar da kayan wuta, sai ya miƙo mini 'yan tocila biyu. Ya ce, "Baba, wannan ta roba ce, ƙananan batura uku take ci, in sun ƙare sai a sake. Wannan kuwa ta ƙarfe ce, caji ake yi mata kamar waya, ruwan sama ba ya shigarta. Kuɗinta ya ninka na waccan sau takwas, amma gaskiya ba ɗaya suke ba."

Na kunna su duka, na ga haskensu kusan ɗaya ne. Dalili kuwa, dukansu suna da irin ƙwan nan na zamani da ake kira LED, wanda ba ya cin batir kamar ƙwan tocilar da muka sani muna yara. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su ne suka buɗe hanyar samun wannan farin haske, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a shekarar 2014. Albarkacin aikinsu haske ya yi araha, talaka ma ya samu. Bambancin tocilan nan biyu yana ɓoye ne a jikinsu da baturansu, inda ido ba ya gani a ranar saye.

Na sayi duka biyun. Ta ƙarfen na rataya a makullin motata, ta robar kuma na jefa cikin jakar tsarabar mahaifiyata tare da zane da sabulu da shinkafa. Mama ta yi murna, ta sa mini albarka.

A watan Yuni, da damina ta kankama, ƙanwata ta kira ni ta ce Mama ta faɗi a hanyar zuwa addu'ar asuba. Ashe tun wajen Ista tocilar ta dushe, ruwa ya shige ta, ga shi ba a sayar da irin baturanta a ƙauye sai an aika Kafanchan. Mama ta fita cikin duhu, ta zame a inda ruwa ya zaizaye hanya, ta yi targaɗe. Mako uku ba ta taka majami'a ba, ba ta je Zumuntar Mata ba. Da na isa gida na tarar da matacciyar tocilar tana rataye a makullin ɗakinta. Na ce, "Mama, me ya hana ki yar da ita?" Ta ce, "Ɗana, ai kai ka ba ni." Ni kuwa mai waya da tocila a jikinta, mai janareto a gida, ban kunna tawa ya kai sau goma ba cikin wata shida.

Amsoshi biyu da ba su isa ba

Akwai 'yan'uwa da suke ganin cewa ɗaukar mai araha shi ne tawali'u, kashe kuɗi a kan mai tsada kuwa son duniya ne. Suna da hujja, gama Manzo Bulus ya koya wa Timothawus darajar wadar zuci, ya kuma gargaɗe shi a kan son kuɗi (1 Timothawus 6:6-10). Amma bari mu tuna da abin da ya faru a Baitanya (Yohanna 12:1-8). Maryamu ta zuba wa Ubangiji turare mai tamani, Yahuda Iskariyoti ya yi lissafi nan take ya ce ya kai dinari 300. Dinari ɗaya kuwa shi ne ladan yini na ma'aikacin gona (Matta 20:2), wato turaren ya kusa kai ladan shekara guda. A wannan dare wanda ya yi wa'azin tsimi ɓarawo ne, wadda ta kashe da yawa kuma ita Yesu ya yaba. Saboda haka rowa takan iya sa rigar tawali'u ta shigo ikilisiya ba a gane ta ba. Haka kuma cikin misalin budurwai goma (Matta 25:1-13), masu hikima su ne suka ƙara kashe kuɗi suka riƙo mai a gefe. Da yamma fitilun duka goma suna ci daidai da juna, sai da dare ya raba aka san bambancinsu.

Akwai kuma waɗanda suke cewa araha ba ta ado, mai hankali kullum mai tsada yake saye. Su ma suna da lissafinsu. A ce ta robar naira 500 ce, ta ƙarfen naira 4,000. Idan ta robar tana mutuwa bayan kowane wata uku, cikin shekara biyu mutum ya sayi takwas, ya kashe naira 4,000 ɗin nan dai, ga kuma dararen da ya yi cikin duhu. Sai dai wannan lissafi na mai kuɗi a hannu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya kai iyali ƙarshen wata. Gwauruwar da take ciyar da marayu huɗu, in ta ɗauki ta naira 500 domin sauran kuɗin ya zama masara, ba ta yi wauta ba, kada kuma kowa ya raina ta. Ban da haka, mu faɗi gaskiya, yawancin sayen mai tsada da muke yi domin idon jama'a ne. Ni kaina abin da ya ja ni ga ta ƙarfen shi ne yadda za ta yi ƙyalli in na ajiye makullai a kan tebur a taron dattawa.

Ma'aunin da ya dace

Tun da farashi shi kaɗai ba ya nuna mana daidai ko kuskure, ina ganin tambayoyi uku ne ya kamata mai bi ya yi kafin ya sa hannu a aljihu.

Ta fari: wane aiki wannan abu zai yi? Mai neman ramin makulli a ƙofar gidansa a Unguwan Boro, ta roba ta ishe shi har da saura. Amma ungozoma da ake tasa da tsakar dare, ko mai gadi, ko manomi mai bin hanyar da macizai suke fitowa da damina, a gare su tocilar da ba ta mutuwa tana tsare rai ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai tsadar ma tana da sharaɗinta, gama in ba wurin yin caji a kusa, ta zama kwalliya kawai.

Ta biyu: wa zai riƙe shi, su wa kuma ke cikin gidan? A nan iyaye su lura. Ƙananan baturan nan masu kama da maɓallin riga suna da haɗari ga yara. In yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale masa, yana iya ƙone maƙogwaronsa cikin awa biyu kacal, sai a garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba. Tocilar roba da murfinta ke buɗewa da sauƙi ba abin ba jariri wasa ba ce, kome arahar ta.

Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi: in mai kyau ɗaya ce, wa ya fi bukatar ta? A nan ne na faɗi. Zunubina ba ya cikin sayen mai tsada, ba ya kuma cikin sayen mai araha. Yana cikin rabon da na yi. Na riƙe mai ƙarfi ni da nake zaune cikin haske, na aika mai rauni ga tsohuwar da take tafiya cikin duhu, na kuma karɓi albarkarta ban ji kunya ba. Annabi Malakai ya tsauta wa Isra'ila domin suna kawo wa Allah makafi da guragun dabbobi, irin waɗanda ba za su yi karambanin kai wa mai mulkinsu ba (Malakai 1:6-8). Mu ma muna da kalmar da muke rufe irin wannan hali da ita, mukan ce, "Ai ƙauye ne, za su yi maneji." Da wannan kalma muke aika wa iyayenmu wayar da batirinta ya kumbura, da ita muke tara wa masu bishara na karkara tufafin da mun ƙi sawa. Littafi Mai Tsarki kuwa ya ɗaure girmama iyaye da alkawari (Fitowa 20:12), ya kuma yi magana mai zafi a kan mai bi da ba ya kula da mutanen gidansa (1 Timothawus 5:8).

Kalma ga 'yan kasuwa

Saurayin nan na kasuwar Sabon Tasha bai ruɗe ni ba, ya faɗa mini ƙarfin kowace da rauninta, ko da yake zai iya yin shiru. 'Yan'uwa masu shago, Allah yana ƙyamar ma'aunin algus (Misalai 11:1), kuma kiran jabu da sunan na asali algus ne. Sayar da mai araha ba laifi ba ne, muddin an gaya wa mai saye iyakarta.

Kammalawa

Kafin in baro gida na cire ta ƙarfen na ɗaura wa Mama a makullinta. Ɗan ƙanwata yakan haɗa ta da wayoyin gidan ya kai wurin mai cajin sola ranar kasuwa. Ta robar kuwa na shanya ta, na goge tsatsar, na sa mata sababbin batura, tana nan a makullin motata, ba ta taɓa gaza mini a ɗan aikin da nake ba ta ba.

Ƙaunatattu cikin Kristi, kafin bikin da ke zuwa, bari miji da mata su zauna tare da 'ya'yansu su duba kayan da za su aika gida, su gwada su da waɗanda suka ajiye wa kansu, sa'an nan su tambayi juna ko rabon ya bi bukata ko ya bi son kai. Yaran da suka ga an zaɓa wa kakarsu mai kyau, su ne za su zaɓa mana gobe.

Ubangiji ya ba mu wadar zuci a kan abin da ya ishe mu, ya kuma buɗe hannunmu ga waɗanda suka fi mu bukata, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.