"Baba, Akwai Dina a Makaranta"



Makon jiya bayan sallar isha'i, wani dattijo daga cikinmu mai rumfa a kasuwar Dei-Dei ya tsare mu a bakin ƙofa. 'Yarsa tana shekarar ƙarshe a Jami'ar Abuja. Ta bugo waya wai a turo kuɗin dina, da na farar rigar nan da ɗalibai ke yi wa juna rubutu a kai ranar kammala jarrabawa. Ya ce, "Malam, in tura ko in hana?"

Abin da ya fi sauƙi a baki shi ne a hana. Amma mu ma fa ba a kulle muka girma ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kano ko Katsina ya san kalankuwa bayan kaka, ya san dandali, ya san tashe. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo daga bayan Annabi (SAW). Ashe ba nishaɗin kansa ne laifi ba.

Bambancin shi ne, a dandali idon gari yana kanka. Kafin ka isa gida gwaggo ta ji labari. A Gwagwalada kuwa, ko wani otal cikin gari da tsakar dare, ba wanda ya san 'yar wane ce. To kunyar da ba ta aiki sai ana kallo, tarbiyya ce ko tsoro? Wannan tambayar tamu ce mu iyaye, tun kafin ta zama ta yaran.

Kuma mu faɗi gaskiya, da ɗansa ne ya bugo, da wuya maganar ta zo masallaci. "Ai namiji ne." Alhali a Suratun Nur, maza aka fara umarta da runtse ido a aya ta 30, sannan mata a ta 31.

Abin da muka sha gani, yaron da aka hana komai ba ya daina zuwa, faɗa maka kawai yake dainawa. Sai kuɗin dina ya koma "kuɗin littafi". Ka biya da guminka, ka kuma sayi ƙarya.

Rigar dai mun ce masa a'a: namiji ya ɗora hannu a jikin 'yar mutane da sunan rubutu, wannan ba ya buƙatar fatawa. Dinar kuwa, ya tambaye ta: a ina, ƙarfe nawa a tashi, su wa za ki tafi da su, wa zai dawo da ke? Ya kuma ji ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda ke nan tun 1954, ta shirya wa masu fita tata walimar.

Ya yi shiru, sannan ya ce shekara huɗu tana can bai taɓa tambayarta sunan ƙawarta ko ɗaya ba. Har ladan ya kashe fitila yana kan waya da ita.